Allurar Zafin Inji

Ina haɗa wayar da na tarar a yanke, allurar zafin inji ta zabura ta tsaya kan ja.

Tsohon direban layin Tibiri ya dafe kai. "Ɗana, mi ka yi mata? Shekara bakwai motar ga ba ta yi zafi ba, tun ran da marigayi babanka ya sa mata hannu!"

Shekara biyar na yi waje ina karatun lantarkin mota. Na sake duban yankan. An naɗe bakinsa tsaf, irin naɗin da Baba ya koya mini.

Direbobin tasha sun kewaye mu, suna son ganin ko na gaji Baba, mai garejin.

Na ce, "Kuskure na yi, Kawu." Na ɗauko almakashi don in sake yanke wayar.