Tagar da Rustem Ya Toshe

Tun da aka shiga watan Janairu, Rustem ya daina yarda da kowa. Rabon ƙauyenmu, nan kan duwatsun Kastamonu, da sanyi irin na bana an fi shekara ashirin. Dusar ƙanƙara ta kai ƙugu, famfo ya daskare, murhun ɗumama gida ba ya mutuwa.

Da pelet Rustem yake hura murhunsa, wato garin katako da ake matsewa ya zama ƙananan ƙwayoyi. A kaka mota ta juye masa tari guda a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gidansa, irin wanda a bara ya kai shi har bazara. Bana kuwa, rabin sanyi bai wuce ba ya fara hango daɓe.

Ya ce wa matarsa Gulizar, "Akwai mai ɗiba."

Ta ce, "Akwai mana, Maigida. Ga shi nan a falo, baki buɗe, yana ci ba dare ba rana."

Bai yi dariya ba. Ɗakin ajiyar yana da 'yar taga guda da ke kallon gidan Hayrullah, maƙwabcinsa, wanda suka yi aikin soja tare. Rustem ya lura hayaƙi ba ya yankewa a gidan Hayrullah, alhali bai ga mota ta kawo masa komai ba. Wata safiya kuma ya ga sawun takalmi daga ƙofar Hayrullah har gindin tagar, an kuma share ƙanƙarar da ta rufe ta.

Ya same shi a gidan shayi, ya zauna ba sallama.

"Hayrullah, me ka je yi bakin tagata?"

"Share maka ita na yi, tsoho mai rowar gaisuwa. Ɗakin pelet yana son iska. Surukina a masana'antar pelet yake aiki, ya ce abin nan yana fitar da wata iska mai kisa in aka kulle shi."

Rustem ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Itace ne zai yi kisa ba tare da wuta ba? To, na gode da kulawa."

A hanyar gida ya riƙa juya maganar. Ina ruwan mutum da tagar da ba tasa ba? Ai sai mai amfana da ita.

Da sabon kaya ya iso, ɗanye shar daga masana'anta, aka cika ɗakin har kusan rufi. Rustem ya ɗebi na kwana goma ya hau da shi sama. Sannan ya buga katako a tagar, ya liƙe gefuna da siminti, ya sa roba a ƙofa yadda ko ɓera ba zai wuce ba, ya ɗana kwado.

Hayrullah ya leƙo ta kan shinge. "Rustem, don girman Allah bar ko da tafin hannu a buɗe."

"Tafin hannun wa? Naka?"

Hayrullah ya juya ya shige gida. Gulizar ta ce, "Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifinka a kafaɗa kake faɗa wa haka?" Ya ce ta kula da tukunyarta.

Ranar Juma'a pelet ɗin da ya hau da shi sama ya ƙare. Rustem zai tafi masallaci, ya miƙa wa Gulizar makullin ɗakin ajiya. "Bokiti biyu kawai. Ki kulle, ki ja kwadon ki tabbatar."

Da ya dawo, tun daga nesa ya hango Hayrullah durƙushe a gindin tagar da gatari, yana sara katakon kamar mahaukaci. Wani daɗi ya kama Rustem. Ya ɗaga murya don masu dawowa daga masallaci su ji.

"Ɓarawo! Jama'a ku zo ku gani, da rana tsaka!"

Hayrullah bai ko waiwayo ba. "Gulizar tana ciki! Matata ta kawo mata miya, ta hango ta kwance a ƙasan bene. Kada ka shiga, bari iska ta ratsa!"

Da katakon tagar ya faɗi, Hayrullah ya ja numfashi, ya sauka benen, ya jawo Gulizar zuwa tsakar gida, shi ma ya zube. Fuskarta ja-jawur kamar mai barci a gefen wuta. Motar asibiti ta yi awa guda tana fama da ƙanƙara a hanya. Hayrullah ya farfaɗo a cikinta. Gulizar ba ta farfaɗo ba.

Likita ya yi wa Rustem bayani a hankali: pelet, musamman sabo, yana fitar da iska mai guba ko ba a kunna shi ba. Ba ta da wari, ba ta da launi. A ɗakin da aka toshe, numfashi kaɗan ya isa.

Ranar zaman makoki Rustem ya ratsa ta bayan gidan Hayrullah, ya ga kututture huɗu a inda itatuwan tuffa suke a da. Su maƙwabcinsa ya sare yana ɗumama iyalinsa da su, ya ji kunyar ya roƙi kowa. Rustem ya zauna a kan ɗaya, ya rufe fuska da hula.

Mai karatu, makamashin da aka tara a ɗaki yana buƙatar iska. Kada ka toshe masa taga, kada ka shiga sai ka buɗe ya sha iska. Kuma in zargi ya cika maka zuciya, gargaɗin mai ƙaunarka ma sai ka ji shi kamar dabarar ɓarawo. Bincika kafin ka yanke hukunci.