Harsashin da Na Zaɓa wa Baba

"Wannan ta girme ki, Lorene," in ji Hoyt mai shagon bindigogi, yana shafa tsohuwar ƙaramar bindigar soja kamar mai lallashin jariri. "Kika ɗura mata harsashin zamani mai ƙarfi, a hannun mutum za ta tsage. Wa zai harba ta?"

"Babana."

"Vernon? Ba an ce ciwon mantuwa ya kama shi ba?"

Na sunkuyar da kai. Tunda Mama ta tsorata ta jefa bindigarsa ta yaƙin Vietnam a kogi, Baba ya daina ci, ya daina barci. Kullum kuka yake, wai an bar shi ba abin kare iyalinsa. Likita ya yi nasa, fasto ya yi nasa. Ni kuwa ban taɓa riƙe bindiga ba.

Na matsa, na raɗa wa Hoyt irin harsashin da nake so. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo bindigar da kwalin harsashi.

Da na kai masa gida, Baba ya ɗura ta da hannun da bai manta ba, ya cinye abincinsa tas. Har kukan daɗi na yi.

Washegari na shiga masa da kofi. Ya ɗaga bindigar, ya saita ƙirjina.

"Baba, ni ce!"

Ƙat!

Harsashin roba ne, na koyo, ba albarushi a cikinsa. Ya sake jan kunamar bindigar.

"Fita, baiwar Allah," ya ce. "'Yata Lorene na barci a ciki. Ba mai taɓa ta ina raye."