Jiƙar da ke Ƙasan Gado

Marin da Gambi ta sharara wa Madam Bibata sai da ya fasa mata leɓe. Kafin ma'aikaciyar jinyar ta dawo hayyacinta, tsohuwar ta fizge allurar ƙarin ruwa daga hannun 'yarta Haisa, jini ya yi tsartuwa.

"Shekara huɗu ina hana ta shan ruwa don yoyon fitsari ya ragu. Na kawo ta Dosso neman magani, ke kina ɗura mata ruwa leda-leda! Mayya!"

"Inna, jiya aka yi mata ɗinki. Ruwan nan shi ke wanke mafitsara, kada robar fitsari ta toshe."

Gambi ta rarumi ƙarfen rataye ruwa za ta kwaɗa mata, matan ɗakin suka rirriƙe ta. Wata ta nuna jiƙar da ke ƙasan gadon.

"Wayyo, ɗinki ya ɓalle!"

Bibata ta tofar da jini, ta shafa zanen gadon Haisa. A bushe yake ƙayau. Ta bi jiƙar da ido har ƙafafun Gambi.

"Inna, tun yaushe?"

Gambi ta lashi leɓunanta da ƙishi ya tsattsaga, ta dubi 'yarta.

"Tun ranar da na haife ta."