Gudun Alhaji Zakariyya

Alhaji Zakariyya na gudu, tumbinsa na rawa a gabansa. Yau ce ranarsa ta farko. Likita ya ce masa ko ya zubar da kitsen nan, ko hawan jini ya kwantar da shi. Sati biyu ke nan rabonsa da tsire, tuwo ma malmala ɗaya yake ci. Motsa jiki ne ya rage.

Ya wuce mai shayi, ya wuce masallaci. Wajen kasuwa sai ya ji dirin ƙafafu a bayansa. Ya waiwaya.

Rabin garin Bukkuyum ne a guje! Mata da goyo, tsofaffi ba takalmi, wani na janye da akuya.

Shi ke nan, 'yan bindiga sun shigo gari! Ya zuba gudun da bai yi ba tun yana saurayi. Jama'a ma suka ƙara wuta. Bai tsaya ba sai tsakiyar gonar dawa, ya zube yana haki.

Maƙwabciyarsa Inna Hasana ta iso, dafe da ƙirji.

Ya ce, "Inna, su nawa ne? Ta ina sunka shigo?"

"Mu za ka tambaya? Ai kai munka biyo!"

"Ni? Motsa jiki fa nika yi!"

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, shekara ashirin ko ruwan sama bai taɓa sa ka ɗaga ƙafa ba. Yau mu gan ka a guje, mu tsaya tambaya?"