Mugun da Ke Ɗingishi

A ɗakin tace fim ta same shi, ya tsayar da hoton inda jarumi ya rama kisan ƙaninsa. Mugun da aka kashe yana ɗingisa ƙafar hagu, sak mahaifinta, wanda ya hana shi aurenta bara.

"Ya yi kyau, Darakta," ta ce a hankali. "Sai dai ba ka nuna mai yi masa kuka ba. Ai mugu ma yana da 'ya."

Ya sunkuyar da kai.

"Baba ya amince." Idonta ya ciko. "Har yana tambayar yaushe zai ga aikin surukinsa."

Ya kai hannu zai goge wurin daga fim ɗin.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Fara zuwa ka dubi idon Baba."