Maganin Kwana Bakwai

"Hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa sun toshe, duka biyun," in ji likita, ta juyo mana da hoton da aka ɗauka na mahaifar matata.

Shekara shida ni da matata muna neman haihuwa, babu asibitin da ba mu taka ba.

"Me ya toshe su, likita?" matata ta tambaya. "Ni fa ban taɓa jin ciwo ba."

"Haka klamidiya take. Ciwon sanyi ne da ake ɗauka ta saduwa, yana ɓarna shiru. Da an gano da wuri kun sha magani ku biyu, kwana bakwai ya isa."

"Don Allah ki sake dubawa," na ce. "Ko aiki ne a yi mata."

"Za mu gwada, amma ban yi alkawari ba."

A baranda matata ta zube kan benci tana kuka. "Ka yafe ni, maigida. Wallahi ban san inda na kwaso shi ba."

Na durƙusa a gabanta, mutane na wucewa suna kallonmu.

"Ni na sani. Wata uku da aurenmu aka gwada ni aka ga ina da shi, na sha magani a ɓoye. Nas ta ba ni takarda in kawo ki. Kunya ta sa na yaga ta a ƙofar asibiti."

Kukan ya tsaya cak.

"Tashi," ta ce. "Mu je ka maimaita a gaban mahaifiyarka, ita da ke kirana juya."