Goma Sha Biyun da Suka Rage

A cikin 'yan tseren da ke atisaye a kan duwatsun Jos an yi wani mai suna Lurwanu, wanda aikinsa shi ne ja wa wasu gudu. Idan za a yi gudun fanfalaki, mai nisan kilomita arba'in da biyu, shi ake sakawa gaba. Ya tare wa na bayansa iska, ya riƙe musu taku ɗaya, ba gaggawa ba nawa, har zuwa kilomita talatin. Daga nan sai ya ratse gefen titi ya bar su su ƙarasa. Allah ya ba shi ƙafa mai kan gado, ko bai duba agogon hannunsa ba ya san inda yake. Shekara tara yana wannan aiki, kuma da yawa daga cikin abokansa a bayansa suka sami lokacin da ba su taɓa samu ba a rayuwarsu.

Da ya ratse, motar ƙungiyarsu takan kwashe shi zuwa filin wasa, inda tseren ke ƙarewa. Can yakan tsaya bayan igiya da tawul a wuya, yana kallon su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna zubewa a ciyawa, ana rubuta wa kowa lokacinsa a gaban sunansa. Shi kuwa gaban nasa sunan ɗan layi kawai ake ja. In sun rungume shi suna godiya yakan yi murna har zuci, amma a hanyar komawa gida sai ya jingina kai da gilashin mota yana kallon titi. Ba kofi yake so ba. So yake ko sau ɗaya ya ji yadda ƙafa ke ji in ta taka layin ƙarshe, a ce wannan lokacin na Lurwanu ne.

Da ya cika shekara talatin da biyar, gwiwa ta fara yi masa magana da safe, sai ya sami kocinsu, wani dattijo mai suna Haladu, ya roƙe shi ya bar shi ya yi tseren bana don kansa. Ya ce ya auna, in ya zarce da takun da ya saba zai ƙarasa cikin ƙasa da awa biyu da minti ashirin. Koci Haladu ya yarda, amma ya gindaya masa sharaɗi: ya fara a hankali, ya ɓuya a tsakiyar jama'a, ya bar wani ya tare masa iska, kada ya saki ƙafa sai ya wuce kilomita talatin da biyar. Lurwanu ya yi murmushi ya ce ai babu wanda ya kai shi sanin wannan hanya.

"Talatin ka sani, Lurwanu," in ji dattijon. "Goma sha biyun da suka rage, labarinsu kake ji."

Lurwanu ya ce ya ji, ranka ya daɗe. Amma ranar tsere, da aka busa usur, ƙafar ta koma ga abin da ta saba. Kafin kilomita biyar ya tsinci kansa a gaba, matasa sun jeru a bayansa kamar kullum, jikinsa kuma wasai. Ya wuce wani gidan mai da ke kilomita talatin, inda ya saba ratsewa, wani daɗi ya cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa. Da suka hau wani tudu ya hango dogayen fitilun filin wasa can ƙasa cikin gari, sai ya ji kamar ya riga ya isa, ya ƙara wuta. Bai yi nisa ba cinyoyinsa suka yi nauyi kamar an ɗaura masa turmi, bakinsa ya bushe, titi ya riƙa miƙewa ba ya ƙarewa. Waɗanda ya jawo suka fara wuce shi. Wani mai suna Sadisu, da ya taɓa ja wa gudu har sau uku, ya rage sauri ya jera da shi, amma Lurwanu ya yi masa alama da hannu ya tafi, kada su yi asara su biyu. Sauran hanyar da jan ƙafa ya cinye ta, wani wuri ma da tafiya. Ya taka layin sama da minti ashirin bayan lokacin da ya ɗauki shekara tara yana mafarkinsa.

Koci Haladu ya tarye shi da gorar ruwa, bai tuna masa da komai ba. Lurwanu ya zauna a ciyawa ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko wannan gwiwa za ta kai shi baɗi. Dattijon ya ce Allah ne masani. Ya ce abin da shi ya sani kawai, in Lurwanu yana so, ranar Lahadi su fita tun da safe, ya bi bayan kowa, su fara koyon hanyar daga inda saninsa ya ƙare. Lurwanu ya gyaɗa kai, idonsa na kan babban agogon filin, wanda bai daina tafiya ba.

To, ka ji abin da ya sa magabata suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.